TUN RAN GINI, RAN ZANE: IN DEKIN YA RUFTA, WA ZA A KAMA?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi mani haƙuri. Amma duk wanda ya san yana da filoti a Dutsin-Ma ko Kurfi, ko yana tara bulo kaɗan-kaɗan yana jiran ranar fara gini, ko yana da ɗa ko ɗiya da ke haya a ɗakunan ɗalibai na cikin gari, don Allah ya daure ya kai ƙarshe. Na daɗe ina juya maganar nan a raina. Abin da ya hana ni rubutawa shi ne ta shafi gidanmu. Yanzu na nemi izinin mai abin, ya ce in rubuta amma kada in kama suna.

Wani yayana ne, ɗan baffana. Ya yi ritaya bayan shekara 35 yana aikin gwamnati. Da aka biya shi haƙƙoƙinsa sai ya ce ba zai bari kuɗin su narke a hannu ba, zai gina ɗakunan hayar ɗalibai a Dutsin-Ma, takwas a ƙasa takwas a sama, ya riƙa samun na cefane. Kowa ya sa albarka. Wani abokinsa ya haɗa shi da injiniya a Katsina. Injiniyan ya zo ya ga filin, ya sa aka haƙa rami ya duba ƙasar, sannan ya faɗi kuɗinsa: zai yi lissafin ginin, ya fitar da zanen rodi, kuma zai riƙa zuwa duk ranar da za a zuba kankare. Da Yaya ya auna kuɗin da farashin siminti na lokacin, sai ya ga sun kai buhu 60.

Ranar ya dawo gida yana faɗa. "Kai ka ji mutumin nan? Buhu 60 don takarda! Shi zai ɗauki bulon? Shi zai kwaɓa simintin?" Ni ma, Allah Ya gafarta mani, na taya shi. Na ce ai 'yan boko ne Yaya, komai sai sun tsawwala.

Sai aka bi hanyar da kowa ke bi. Wani yaro mai shagon kwamfuta ya ciro zanen wani gida da aka taɓa ginawa a wani gari, ya canja suna. Aka kai wa wani mai hatimi ya buga ya sa hannu a kan kuɗin da ba su kai buhu 3 ba, alhali ko hanyar filin bai sani ba. Aka samo magini wanda ya ce shi benayen da ya gina ba su ƙirguwa. Aiki ya tafi har aka zuba dekin. Kwana 10 da zubawa kafinta ya zo ya ce yana son katakonsa da turakunsa, wani aiki na jiransa. Magini ya ƙwanƙwasa kankaren da guduma ya ce ai ya bushe. Aka kwance, aka fara jibge bulon hawa na biyu a kai.

Kwana uku bayan haka, da la'asar, dekin ɗakuna biyu ya rufto. Allah Ya taƙaita, ma'aikata sun tafi salla, saura yaro ɗaya, lebura, ɗan wani ƙauye na ƙasar Kurfi, da ya tsaya wanke kwanonin kwaɓi. An zaro shi da rai, amma ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu. Har yau da ɗingishi yake tafiya, ba ya iya ɗaukar kaya mai nauyi. Yaron da ƙarfinsa ne kaɗai jarinsa.

Zaman da aka yi bayan nan shi ne ya sa nake wannan rubutu, don ina wurin. Magini ya ce shi rodin da aka ba shi da shi ya yi aiki, kuma ya ce a sayo mai kauri Alhaji ya ce ya yi tsada. Mai ɗaurin rodi ya ce tazarar da magini ya nuna mashi ita ya bi. Kafinta ya ce sai da ya tambaya aka ce ya kwance. Mai shagon kwamfuta ya ce shi buga takarda ne aikinsa. Mai hatimi kuwa da aka kira shi a waya cewa ya yi, "Alhaji, ni zane na sa wa hannu, ban sa wa gini hannu ba." Ya kashe wayarsa. Daga ƙarshe wani dattijo ya ce a yi haƙuri, ƙaddara ce. Aka yi fatiha aka watse. Yaya ya biya kuɗin asibiti daidai ƙarfinsa, ya ba mahaifin yaron ɗan abin da ya sawwaƙa. Asarar rushe sauran dekin da sake zubawa ta ninka buhu 60 ɗin nan sau da yawa. Mutum biyar sun ci kuɗi a aikin, babu ko ɗaya da aka iya riƙewa.

A ranar na gane abin da injiniyan Katsina ke sayarwa. Mu takarda muka gani. Shi kuwa wuyansa ya kawo kasuwa, yana cewa in abin nan ya faɗi ni za a kama. Wannan ne muka ce ya yi tsada.

Me ya sa maganar ta zama ta gaggawa yanzu? Wanda ya san Dutsin-Ma kafin 2011 ya san ba haka take ba. Da can Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ce ke kawo baƙi, sai 'yan kasuwar Laraba, sai masu zuwa dam ɗin Zobe. Da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011, dubban ɗalibai da ma'aikata suka shigo, kowa na neman ɗaki. Daga baya matsalar tsaro ta koro mutane daga ƙauyukan Safana, Batsari da Ɗanmusa, har da wasu na ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma kanta, suka tare a cikin gari. Filoti ya yi tsada, kuma in fili ya yi tsada gini sama yake nufa. Ka zaga Hayin Gada da Unguwar Kudu da titin da ya nufi Ƙanƙara, ka ƙirga gidajen da aka bar wa rodi tsaye a sama ana jiran kuɗin hawa na biyu. A Kurfi ma bakin titi ya fara samun shaguna masu ɗaki a sama.

Ga kuma tsadar kaya. Buhun simintin da ake saye wajen ₦5,000 a tsakiyar 2023 ya haura ₦10,000 a farkon 2024, rodi ma ya bi sahu. In kuɗi suka gaza dole a rage wani abu. To me muke ragewa? Ba mu rage tayil, ba mu rage fenti, ba mu rage ƙatuwar ƙofar ƙarfe, don su ake gani. Abin da filasta za ta rufe shi muke ragewa: kaurin rodi, yawan siminti a kwaɓi, zurfin fandisho. Injiniya kuwa shi ne na farko da ake sallama, tun kafin a sauke tifar yashi ta farko.

Na san wani zai ce, kakanninmu sun gina soraye da benaye babu injiniya, ga Hasumiyar Gobarau can a Katsina ta yi ɗaruruwan shekaru tana tsaye. Gaskiya ne. Amma su wa suka yi ginin? Magina ne na gado. Yaro sai ya yi shekaru yana kwaɓa ƙasa yana miƙa tubali kafin a bar shi ya ɗora azara. Sun san iyakar faɗin da azara ke ɗauka, in ɗaki ya wuce haka sai su yi baka. Kuma akwai Sarkin Magina da ake kai wa ƙara in aiki ya ɓaci. Wato suna da ilimin kayan aikinsu, suna da wanda za a kama. Mu mun ɗauko siminti da rodi, mun baro ilimin da ke tafiya da su. Sannan ginin ƙasa in zai faɗi yana ba da sanarwa: ya tsage, ya jiƙe, ya fara zubowa kaɗan-kaɗan. Kankare ɓoye ciwonsa yake yi a ciki, ga fenti na ƙyalli, rana ɗaya sai ka ji rugum.

Bari mu ɗan yi lissafi. Kankare mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya, nauyinsa wajen kilo 2,400 ne. Dekin mai mita 10 a tsawo, mita 10 a faɗi, kaurin inci 6, ya kai tan 36. Tirelar da ke ɗauko buhu 600 na siminti tan 30 take ɗauke da shi. Ke nan kayan tirela guda har da ƙari ka rataye a saman 'ya'yan mutane suna barci. Ba a sa bulon sama ba, ba a sa rufi ba, ba a sa tankin ruwa ba, wanda in na lita 2,000 ne shi ma tan 2 ne in ya cika. Wannan nauyin ne muke barin wa "ai haka muke yi" da ƙwanƙwasa guduma.

Abu uku injiniya ke sayar maka.

Na farko lissafi. Ƙasar Dutsin-Ma ba iri ɗaya ba ce. Wani wuri ka haƙa kaɗan ka tarar da dutse, wani wuri tsohuwar kududdufi ce da aka cike da shara aka yanka filoti. Zanen da aka yi wa wancan in ka ɗora a kan wannan ka sayi rigima. Shi ne zai ce ginshiƙi nawa, rodi mai milimita 12 ko 16, tazara nawa. Misali ɗaya: barandar sama da ke fitowa waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta, babban rodinta a saman kankaren ake sa shi, don nan ne nauyi ke ja. Magini da yawa a ƙasa suke shimfiɗa shi kamar na sauran dekin, ko kuma a sa shi daidai lebura su tattake shi ya kwanta lokacin zubi. Shi ya sa baranda ke yawan ɓallewa.

Na biyu sa ido. Ya zo kafin a zuba ya ƙirga rodin da idonsa. Ya tsaya a kan kwaɓi, siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4 ko abin da lissafinsa ya ba shi, kada a tsinka shi da ruwa don ya yi sauƙin ɗauka. Ya tabbatar ana ban ruwa aƙalla kwana 7. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi. Bushewar fuska daban, ƙarfi daban. Shi zai ce yaushe za a kwance turaku, yaushe za a fara ɗora kaya. Da akwai shi a aikin Yaya, da kafinta bai samu katakonsa ranar ba.

Na uku lamuni, kuma a nan ne maganar take. Injiniya na gaskiya yana da rajista da COREN, hukumar da aka kafa tun 1970 don kula da aikin injiniya a Najeriya. Yana da lamba. In ya yi sakaci ana iya kai shi gaban hukumar a soke rajistarsa, ana iya maka shi kotu. Masu zanen gine-gine suna da tasu hukumar, ARCON, ƙwararrun magina kuma CORBON. Duk an kafa su ne saboda abu ɗaya: kowane gini ya kasance yana da sunan wani a wuyansa.

To nawa ne haƙƙinsu? Jadawalin kuɗin ƙwararru da gwamnatin tarayya ta fitar a 1996 ya ɗora kuɗin ne a kan jimillar abin da ginin zai ci, kuma babu ƙwararre ɗaya da kasonsa ya kai kashi 5 cikin 100. Mu ƙaddara gininka zai ci naira miliyan 30, injiniya ya ce ka ba shi kashi 2. Naira dubu 600 ke nan. Da yawa ne in ka kalle su su kaɗai, ban musa ba. Amma dillalin da ya nuna maka filin da ɗan yatsa ka ba shi la'adarsa ba ka yi gardama ba. Mai tayil ya yanka maka kuɗi ka biya. Sai wanda zai hana tan 36 faɗo wa mutane ne muke ce wa "haba Injiniya, a yi zumunci mana."

Yanzu ga inda inshora ta shigo. A ce injiniyan na gaskiya ne, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ɗan Adam ne, ya yi kuskuren lissafi, gini ya faɗi, an rasa rai ko an naƙasa wani. An kama shi, ya amsa laifi. To da me zai biya? Ko an sayar da motarsa da gidansa ba za su gina ɗakuna 16 ba, balle diyya. Kama wanda ba shi da abin biya huce haushi ne kawai, yaron da ya karye ba abin da zai samu. Don haka ne aka ƙirƙiro inshorar kuskuren sana'a. Ƙwararre yana zuba wani abu duk shekara, in aka tabbatar sakacinsa ya jawo asara, kamfanin ne zai biya wanda aka cutar har zuwa iyakar da aka yi yarjejeniya. Manyan kamfanoni da ma'aikatu kan nemi ganin takardarta kafin su ba injiniya babban aiki. Mu masu ƙananan gine-gine ko labarinta ba mu ji ba.

Kuma ku lura da yadda abin ke zagayawa. Kuɗin inshorar daga cikin kuɗin aikin da muke biya za su fito. Injiniyan da muka matse ya karɓi na shan ruwa ba zai iya yankar inshora ba, ba zai iya zuba mai ya zo daga Katsina sau huɗu ba. Ƙaramin aiki kuɗinsa ne ƙarami, haɗarinsa ba ƙarami ba ne, don ran da ke ƙarƙashin dekin ɗaki biyu daidai yake da ran da ke ƙarƙashin bene mai hawa 20. Shi ya sa injiniyoyi masu tsoron Allah da yawa ke gudun ƙananan ayyuka, su ce ba za su sa wuyansu a kan abin da ba za a bar su su kula da shi ba. In sun gudu wa ya rage? Mai hatimin haya. Mu da kanmu muka kori na kirki muka buɗe wa na banza kasuwa. Araha ba ta ado.

Ba sabon tunani ba ne. Kusan shekara 3,700 da suka wuce, dokokin Sarki Hammurabi na Babila, a Iraƙi ta yau, sun yanke cewa maginin da gininsa ya faɗi ya kashe mai gida shi ma kashe shi za a yi. A Faransa duk wanda ya yi gini yana ɗauke da alhakin ƙarfinsa har shekara 10, kuma tun 1978 doka ta tilasta mashi yankar inshora a kan haka. Mu ma nan ba a rasa doka ba. Akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006. Dokar inshora ta 2003 ta wajabta inshora a kan ginin da ake kan yi in ya wuce hawa biyu, ta kuma wajabta ta a kan gine-ginen da jama'a ke shiga, ciki har da gidajen haya da ɗakunan kwanan ɗalibai da makarantu. A watan Agustan 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta maye gurbinta, kuma tilascin yana nan. Tambayata ita ce, a duk masu gidajen hayar ɗalibai na Dutsin-Ma, mutum nawa ne suka taɓa jin wannan? Wa ya taɓa zuwa ya tambaye su?

Mun ga abin da ya faru a wasu wurare. Ranar 1 ga Nuwamban 2021 bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas, sama da mutum 40 suka mutu, har da mai ginin. Daga baya aka ga takardar da kamfanin injiniyoyin farko ya rubuta tun a 2020 yana janye hannunsa daga aikin. Injiniya ya ce ba ruwana, aka ci gaba da gini. A ƙarshen Agustan 2022 bene ya rufta a titin Beirut na Kano, a kasuwar waya. Ranar 12 ga Yulin 2024 ginin makarantar Saints Academy ya faɗo wa ɗalibai a Jos, 22 suka rasu. Wannan na Jos ba wani dogon bene ba ne fa, irin wanda muke gani ne a unguwanninmu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na san abin da wasu ke shirin rubuta mani a ƙasa: inshora haramun ce. Ni ba malami ba ne, kuma na san malamai da yawa sun yi magana a kan inshorar da aka saba saboda riba da rashin tabbas da ke cikinta. Amma akwai takaful, wadda aka gina a kan taimakekeniya: mutane su zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar taimako, wanda masifa ta faɗa wa a biya daga ciki, in an samu rara a raba. Hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinta tun 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful da ke aiki da lasisi. Sannan mu tambayi malamanmu na zaure: kisan kuskure ba shi da diyya? Yana da ita, kuma dangin mai kuskuren ne ke haɗuwa su biya, don kada nauyin ya karya mutum ɗaya, kada kuma haƙƙin mamaci ya salwanta. A fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai akwai babin lamunin masu sana'a. Ke nan cewa "ƙaddara ce" ba ta taɓa zama hanyar kuɓuta daga biyan haƙƙi ba. Mun yi imani da ƙaddara, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Rodi mai milimita 10 a inda ake buƙatar 16 ganganci ne, mu daina jingina wa ƙaddara.

Su ma injiniyoyi bari in faɗa masu tasu, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ke buga hatiminsa a kan zanen da bai lissafa ba, filin da bai taka ba, wallahi ya fi magini laifi, don shi ya san abin da yake yi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi mashi aski. Wasunku kuma in talaka ya zo sai ku yi ta zuba mashi Turanci, ku yanka mashi farashin Abuja, ba ku bayyana mashi me zai samu a madadin kuɗinsa ba. Injiniyan da Yaya ya fara zuwa wurinsa mutumin kirki ne, amma da ya zaunar da shi ya yi mashi lissafin tirelar nan da Hausa, wataƙila da labarin ya canja. Ga kuma matsalar suna. A garuruwanmu mai gyaran janareta injiniya ne, mai gyaran waya injiniya ne, wanda ya taɓa riƙe tef a wurin gini shi ma injiniya ne. Ba raina sana'ar kowa nake ba, COREN kanta tana yi wa masu fasaha da masu aikin hannu rajista, kowa a matakinsa. Amma mai gida yana da haƙƙin ya san wa ke gabansa.

Kada kuma a fahimce ni baibai. Ban ce bawan Allah da ke lallaɓa ɗaki biyu da zaure a Birchi ko Tsauri ko Karofi sai ya nemo injiniya da takaful ba. Ginin ƙasa-ƙasa mai rufin kwano, gogaggen magini mai amana ya isar mashi a mafi yawan lokuta. Ga inda na ja layi: duk inda za a zuba dekin, duk inda za a ɗora bene ko tankin sama, duk ginin da za a sa 'yan haya ko ɗalibai ko masallata ko marasa lafiya, da duk filin da aka san kududdufi ne ko hanyar ruwa. A nan ba kuɗinka kaɗai ke cikin haɗari ba, rayukan wasu ne da ba a yi shawara da su ba. In ba ka da kuɗin injiniya, ba ka da kuɗin bene. Ka yi ƙasa ka jira. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ga shawarwarina, wanda ya fi ni sani ya gyara:

1. Mai gini, ka sa kuɗin injiniya cikin lissafinka tun farko, kamar yadda kake sa na rodi. Ka nemi lambar rajistarsa ta COREN. Ku rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce, da shaidu: me zai yi, sau nawa zai zo, me ke wuyansa. Ka tambaye shi ko yana da inshora ko takaful. Ko ba shi da ita, tambayar kanta za ta fara canja abubuwa. Ka riƙe wani kaso na kuɗinsa sai an kwance turaku lafiya. In ya ce a tsaya, a tsaya.

2. Injiniyoyinmu, musamman reshen Katsina na Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya, ku fitar da farashi bayyananne na ƙananan gine-gine, da Hausa, wanda ɗan fansho zai gane: zane kaza, kowace ziyara kaza. Ku haɗu ku nemi takaful ta rukuni don kuɗin su yi sauƙi a kan kowa. Muna da matasa da suka gama karatun injiniyan gini a ABU Zariya da BUK da Kwalejin Hassan Usman Katsina suna zaune ba aiki. Babban injiniya ya ɗauke su su riƙa tsayawa a wurin gini a ƙarƙashinsa, kuɗin zirga-zirga ya ragu, su ma su samu gogewa. Masu hayar hatimi kuwa ku tona su da kanku.

3. Hukumar tsara birane ta jiha da ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi, takardar izinin gini kada ta tsaya a karɓar kuɗin shiga. A rubuta sunan injiniya da lambarsa a allo a bakin kowane ginin bene, kowa ya gani. Kada a zuba dekin sai ya sa hannu cewa ya duba rodin.

4. Iyayenmu masu unguwanni da dagatai, a ƙarƙashin Yandakan Katsina da Maraɗin Katsina, ku ne shaidun cinikin fili. In kun ga an fara bene a unguwa, tambaya ɗaya ta isa: wa ke kula da aikin nan? Kunyar idonku ma kaɗai za ta gyara da yawa.

5. Iyayen ɗalibai da ɗaliban kansu, in za ku kama ɗaki kuna tambayar ruwa da wuta da tsaro. Ku ƙara ɗaga kai ku dubi rufin. In kun ga dekin ya lotsa a tsakiya, ko tsaga ta ratsa ginshiƙi, ko rodi ya leƙo ya yi tsatsa, ku nemi wani wuri.

Yaya ya koma wurin injiniyan farko, da kunya da komai. Mutumin bai yi mashi gori ba. Ya sa aka fasa sauran dekin, aka ƙara ginshiƙai, ya kuma ce fandishon ɓangare ɗaya ba zai ɗauki bene ba, sai dai a bar shi ƙasa. Yanzu ɗakuna 12 ne maimakon 16, kuma sai da ya sayar da gonarsa kafin ya kammala. Yaron nan kuwa Yaya ya buɗe mashi ɗan teburin sayar da kati da cajin waya a ƙofar gidan. Duk ranar da na je na gan shi ya miƙe da ƙyar zai gaishe ni, sai in tuna ni ne na ce 'yan boko komai sai sun tsawwala.

Injiniyoyi da magina da masu gidajen haya da ke cikin abokaina, ku zo ku tofa albarkacin bakinku. Nawa ne adalci a ƙaramin aiki irin wannan? Akwai wanda ya taɓa yankar takaful ta sana'a a cikinku, ya ba mu labari? A yi muhawara cikin mutunci, ban da kama suna.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a ƙarƙashin gine-gine, Ya ba masu jinya lafiya, Ya zaunar mana da yankinmu lafiya. Amin.